Na Tafi Ganin Giwa Na Dawo Da Rema

Makon nan na jingine zancen girki da reno, zan ba ku labarin wata tafiya da na yi ina yarinya. Tafiyar ba ta kai kwana guda ba, amma har yau ina cin moriyarta. Sai dai kafin in shiga labarin, bari in faɗa muku abin da ya tono shi.

Ran Talatar da ta wuce na shiga aji huɗu zan koyar da darasin namun daji. Na zana giwa a allo, yara suka yi ta dariya, wai ta fi kama da tulu mai hanci. Sa'an nan na ce, "Wa zai faɗa mini inda a ke samun namun daji a ƙasarmu?" Hannuwa suka tashi. Wannan ya ce Yankari, wancan ya ce gidan zu na Kano. Na ce, "Madalla. To, a nan kusa da mu fa?" Sai aji ya yi tsit. Na ce, "Ashe ba ku san Kamuku ba?"

Akwai wata yarinya mai zama a bencin baya, ba ta cika magana ba. Iyayenta sun taso daga ƙauyensu ne, suna raɓe gidan dangi a nan Magajin Gari. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ai can ne aka kai babanmu."

Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Na san labarin uban. Allah ya yi masa gyaɗar dogo ya dawo da ransa, amma sai da aka sayar da gona da shanun noma. Na goge allo, muka koma lissafi. Da aka tashi tara sai ga ta a bakin ƙofa, ta ce mini a hankali, "Malama, da ma akwai wani abu a cikin dajin nan ban da su?" Ko sunansu ba ta iya kamawa.

Wannan tambaya ita ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Akwai, yarinya. Na shiga, na gani da idona.

Mene Ne Kamuku?

Da yawa cikin masu karatu ba su taɓa jin sunan ba sai a labarun tashin hankali a rediyo, saboda haka bari in yi ɗan bayani. Gandun dajin Kamuku yana ƙasar Birnin Gwari, kamar kilomita 120 yamma da Kaduna. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 1,120. Ta wajen arewa maso yamma ya yi iyaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, Kogin Mariga ne ya raba su. Sunan kuwa na Kamukawa ne, waɗanda su da Gwarawa suka daɗe zaune a wannan yanki, suna noma da farauta da kiwon zuma.

A shekarar 1936 aka keɓe shi ya zama gandun daji na En'e ta Birnin Gwari. Daga baya ya koma hannun jiha, ya zama wurin tsare namun daji. A watan Mayu na 1999 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin manyan gandayen daji na ƙasa, sahu ɗaya da na Tafkin Kainji da Gashaka Gumti. A shekarar nan aka haife ni, don haka Kakata ta kan ce ni da gandun tagwaye ne.

Shi irin wannan gandu, ma'anarsa ita ce a ware wani yanki na ƙasa a ce ba noma, ba farauta, ba sara, ba kiwo, domin itatuwa da dabbobi su zauna yadda Allah ya halicce su, jikoki su zo su tarar. A Amurka aka fara wannan, a 1872. Yau a Kenya da Tanzaniya mutane su kan taso daga uwa duniya su biya kuɗi mai yawa don a zaga da su cikin mota su kalli namun daji. Su kan kira wannan yawo safari. Kalmar daga Larabci ta fito, uwarsu ɗaya da safara da mu ke faɗi a Hausa. To, irin abin da wasu ke ƙetare teku su gani, mu ga shi a bayan gidanmu.

Yadda Na Sami Tafiya

A hunturun 2010 ina aji biyar, hedimasta ya ce za a kai 'yan ajinmu Kamuku, kowa ya kawo kuɗin mota. Na sheƙa gida da murna, sai Inna ta watsa mini ruwan sanyi. Ta ce, "Mace da shiga daji? Me kika ajiye a can? Kuɗin da za a ba mai mota a je kallon biri, gara in sai miki takalmi." Baba kuwa ya ce shi ba ruwansa, abin da uwata ta yanke shi ke nan.

Kaka tana tsakar gida tana ƙulla daddawa, tana jinmu. Ba ta ce uffan ba sai da dare, ta kira ni ɗakinta, ta kwance bakin zane ta ƙirgo kuɗin cif. Ta ce, "Ungo, kishiya. Ni da ƙafa na san gefen dajin nan, tun zamanin En'e, muna tsintar kaɗe muna tsoron malaman daji. Ke ga shi za a kai ki a mota. Amma da sharaɗi. In kin dawo za ki lissafa mini itatuwa goma da kika gani, ko wanne da sunansa. In kin kasa, ki biya ni kuɗina." Da safe ita da kanta ta yi wa Inna magana. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ga Inna ta dafa mini dambu ta ƙulle da ƙuli-ƙuli.

Ni fa ba itatuwa ne a raina ba. Giwa na ke so in gani. A lokacin nan akwai giwaye masu kai da kawowa tsakanin Kamuku da Kuyambana, manoman gefen daji su kan ba da labarin ɓarnarsu a kasuwa. Na riga na cika wa ƙannena baki, na ce zan dawo musu da labarin haurenta.

Muka tashi bayan sallar asuba, mu wajen talatin, cikin wata tsohuwar bas, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. A bakin gandun aka haɗa mu da wani malamin daji, dattijo siriri, sanye da kaki, da bindiga a kafaɗa. Ya tsai da mu ya karanta mana doka: ba surutu, ba tsinkar ko da ganye, ba kunna wuta, ba yar da leda, ba wanda zai sauka daga mota sai ya ce a sauka. Ya ce, "Gidan wasu za ku shiga. Wanda ya shiga gidan mutane kuwa, sallama ya ke yi, ba ihu ba."

Abin Da Muka Gani

Rani shi ne lokacin shiga irin wannan wuri, domin ciyawa ta kwanta, hanya ta bushe, dabbobi kuma ba su nisa da inda ruwa ya rage. Muka shiga cikin doka, doka, doka, har iyakar ganin ido. A wasu wurare ta fara sabon toho, ganyen ja wur kamar an shafa masa mai. Na tuna sharaɗin Kaka, na zaro fensir na fara rubutu a bangon littafina: doka, taura, kaɗanya, ɗorawa, maje, baushe. Waɗanda ban sani ba na tambayi dattijon, ya ce wannan kawo, wancan madobiya, wancan ƙirya. Ya dube ni ya ce, "Turmin gidanku da me aka sassaƙa shi?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "In kin koma ki tambaya. Ƙila ga uwarsa nan tsaye."

Farkon abin da muka gani mai rai mugun dawa ne, uwa da 'ya'ya huɗu. Sun durƙusa bisa gwiwoyin gaba suna kiwo, da suka ji mota sai suka zura a guje, ko wanne ya ɗaga wutsiya sama tsaye kamar sandar rediyo. Dokar hana surutu ta karye nan take, mota ta kaure da dariya. Can gaba muka ga gwaggon biri garke guda bisa wani fa, wata ta goya ɗanta a gadon baya, babban namijin yana harararmu kamar mai gida ya ga baƙin da bai gayyata ba. Jan biri kuwa ƙurarsa kawai muka gani, domin a cikin birai duka ba wanda ya kai shi gudu a ƙasa.

Sa'an nan malamin daji ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Ya nuna da leɓe. Da farko ban ga kome ba sai itatuwa, can sai na ga kunne ya motsa. Gwanki ne, guda biyar, tsaye a inuwa. 'Yan'uwa, hoto bai yi wa gwanki adalci ba. Ya kusa doki girma, fuskarsa baƙi da fari kamar an yi masa kwalliya, kunnuwa dogaye masu tuntu a baki, ƙahoni sun lanƙwasa baya, mace da namiji duk suna da su. Suka dube mu, muka dube su, sa'an nan babban ya yi atishawa, suka juya suka shige ba gaggawa.

Muka kuma ga burtu guda biyu suna takawa a fili, baƙaƙe wuluk, manya kamar talotalo. Dattijon ya ce mai ja a maƙogwaro shi ne namiji, mai shuɗi zalla ita ce mace. Ya ce maharba su kan ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya su riƙa tafiya irin tasa, har su kusanci nama bai ankara ba. Sai na ce da ƙarfi, "Shigar burtu!" Kullum ina jin Inna tana faɗin wance ta yi shigar burtu, ban taɓa sanin tsuntsu ne mai rai ba. Masana sun ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 170 a wannan gandu, har da tuje.

Giwa fa? A bakin wani rafi da ya ƙafe aka ce mu sauka. Dattijon ya nuna mana wani rami a busasshen taɓo, zagayayye kamar faifai. Ya ce sawun giwa ne, tun ƙarshen damina. Na sa ƙafafuna biyu a ciki, da sauran wuri. Ya ce in ka auna kewayen sawun ƙafar gaba ka ninka biyu, ka sami kimanin tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa. Kusa da nan ga kashinta ya bushe, ya sa sanda ya farfasa, sai ga ƙwallayen 'ya'yan itace a ciki. Ya ce, "Kun ga manomiyar daji ke nan. Ta ci a nan, ta shuka a can, da takinta da kome."

Na ce, "Baba, to ita ɗin tana ina?"

Ya ce, "Ta ƙetare Mariga, 'yata. Sai ruwa ya sauka."

Sai na ji hawaye sun cika mini ido. Kuɗin daddawar Kaka, da cika bakin da na yi wa ƙannena, duk a kan kashin giwa! Na koma mota na haɗe rai, na ƙi kallon taga.

Tsaunin Rema

Da hantsi muka isa wani tsauni da a ke kira Tsaunin Rema. Manyan duwatsu ne ɗaya bisa ɗaya, sai ka ce jeren ɗakin amarya. Sauran yara suka bi malaminmu suka zaga ta gefe. Ni na zauna a gindin wata taura ina kumbure-kumbure. Dattijon ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya ce, "Fushi ki ke yi da giwa?" Na yi shiru. Ya ce, "To, tun da ya ke kin iya shiru, zan nuna miki abin da masu surutu ba za su gani ba. Dubi dutsen can, kada ki motsa."

Na duba, dutse ne kawai. Na ci gaba da dubawa don kunyarsa. Can sai na ga wani ɗan dutse ya yi hamma. Na murza ido. Ashe ba dutse ba ne, wata 'yar dabba ce mai launin ƙasa, kamar ƙaton zomo marar kunne marar wutsiya. Sai ga wata kusa da ita, ga wata, ga wata. Kafin in ankara na ƙirga goma sha tara, sun baje bisa fa suna shan hantsi, wasu sun hau kan wasu, 'ya'ya suna tsalle a bayan iyaye. Tun ɗazu suna nan, idona ne bai iya gani ba.

Ya yi mini raɗa ya ce rema ke nan. Jikinta ba ya riƙe ɗumi sosai, shi ya sa ba ta fita kiwo sai ta sha rana. Tafin ƙafarta taushi gare shi da danshi, don haka ta kan hau dutse mai santsi ba ta zame ba. Farin da na gani ya zubo a jikin duwatsu kamar farar ƙasa, wurin bayan gidansu ne, domin wuri ɗaya su ke yi, kaka da kakanni. Ya nuna mini wani babba can a ƙololuwa, shi kaɗai, ba ya kwance, ba ya ci. Ya ce, "Wancan mai gadi ne."

Bai rufe baki ba sai inuwar wani tsuntsu ta gilma. Mai gadin ya ƙwalla ƙara guda. Kafin ƙiftawar ido dutse ya koma dutse, ko ɗaya babu. Na saki baki. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Daji ba gidan zu ba ne, 'yata. Ba a ɗaure miki kowa ba. Wanda ya zo da abin da ya ke so ya gani, ya kan koma hannu wofi. Wanda ya zauna ya yi haƙuri, shi a kan nuna wa."

Muka yi azahar a gindin Goron Dutse, wani ƙaton dutse guda ɗaya mai sulɓi, da zane-zanen baƙi da fari daga sama har ƙasa kamar saƙin zane. Nan na ci dambuna, na ba dattijon ƙuli-ƙuli. An shirya za a kai mu Dogon Ruwa, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, amma rana ta yi sanyi, direba ya ce ba zai yi dare a daji da 'ya'yan mutane ba. Hedimasta ya ce, "Ba kome, sai baɗi."

Da na isa gida Kaka ta ce, "Kishiya, kin ga giwar?" Na ce, "Ban gan ta ba, sai rema." Ta ce, "Ai kin ga masu gida. Giwa baƙuwa ce, wucewa ta ke yi." Na lissafa mata itatuwa tara, na goma ya ɓace mini. Ta miƙo hannu wai in biya ta. Sai na tuna, na ce tukurwa, a bakin rafi. Ta ce, "Kin tsira." Turmin gidanmu kuwa na tambaya, na ƙirya ne.

Baɗin Da Ba Ta Zo Ba

Baɗin nan ta hedimasta har yau ba ta zo ba. Kun san abin da ya biyo baya, wasunku ma sun fi ni sani. Aka fara da satar shanu, aka koma tare hanya, aka koma ɗaukar mutane. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kai aka tura sojoji, abin ya lafa, ya sake tashi. Hanyar Kaduna ta zama sai da rakiya da addu'a. Ƙauyuka suka watse. Kaka ta rasu ba ta ƙara ganin gefen dajin da ta yi tsintar kaɗe ba.

Da na tafi kwalejin horon malamai, duk wadda ta tambaye ni garinmu na ce Birnin Gwari, sai ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo, sannu." Ba wadda ta taɓa cewa, "Garin gwanki?" Nan na gane ba shanu da mutane kaɗai aka sace mana ba, har da suna.

A can ne kuma, ran nan a darasin halittu, malamarmu ta ce cikin dabbobin da ke raye a duniya, waɗanda suka fi kusa da giwa a dangantaka su ne ayu na ruwa da rema. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, har aka juyo ana kallona. Ta kawo hujjoji. Rema tana da haƙora biyu na sama masu tsini, daga inda hauren giwa ke fitowa su ma su ke fitowa. Yatsunta faratai ne masu faɗi irin na giwa. Ga kuma wadda za ta ba ku mamaki, ku iyaye: zomo wata 1 ta ke yi da ciki, amma rema, da ba ta fi ta girma da yawa ba, ta kan haura wata 7, giwa kuwa wata 22. Ashe ranar da na zauna ina fushi a gindin taura, dangin giwa goma sha tara ne a gabana. Na so a ce Kaka tana da rai in faɗa mata.

Na san wata za ta ce, "Malama, mutane na kuka da rayukansu, ke kina zancen rema?" Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa zan raina ta ba, domin ran mutum ɗaya ya fi namun dajin duka. Amma ku duba. Gidan da a ke shiga a ke fita, a ke share shi, maciji ba ya samun wurin kwana. Kango ya ke nema. Dajin da ke da malaman daji masu zagawa, da hanyoyi a buɗe, da baƙi da 'yan makaranta, da mutanen gefe masu ganin nasu ne, ya fi wuyar zama maɓoya. Ranar da 'ya'yanmu suka yarda cewa Kamuku na miyagu ne, ran nan muka sallama shi, ko da an kori miyagun. Wanda bai san yana da abu ba, ba ya cigiyarsa.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi zaman sulhu, aka buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Mun gode Allah, muna roƙon ya ɗorar. Amma kada wata ta karanta wannan ta ce Malama ta ce a ɗebi yara a nufi daji. Ban ce ba. Ba mai shiga sai hukumar gandun da jami'an tsaro sun ce hanya ta yi kyau, kuma ko a lokacin nan sai da malamin daji a gaba.

Namu Aikin

Kafin ranar ta zo, akwai abin da ke hannunmu mu mata. Na farko suna. Bakinmu cike ya ke da namun daji: shigar burtu, biri ya yi kama da mutum, giwa a garin wani zomo. In kin faɗi irin wannan gaban ɗanki, tsaya ki gaya masa mene ne burtu, ki ce kuma akwai shi a dajin ƙasarsu. In kina kaɗa miya ki ce masa daddawa daga ɗorawa ta ke, man kaɗe daga kaɗanya. Ki yi masa irin sharaɗin Kakata, itatuwa goma da sunayensu.

Na biyu murhu. Ba na zargin matar da aka raba da gonarta, ta koma sayar da itace don 'ya'yanta su ci. Amma mu da ke saye, mu sani buhun gawayi itace ne da ya yi shekaru yana girma. Kaɗanya ta kan yi shekara 15 ko 20 kafin ta fara 'ya'ya, gatari kuwa ba ya kai awa guda a kanta. Mu rufe tukunya, mu jiƙa wake tun dare, mu kashe wuta in an sauke. In mai gida ya shigo da naman daji, a tambaye shi cikin ladabi daga ina.

Na uku 'ya'ya mata. In Allah ya kawo ranar da makaranta za ta ce a kawo kuɗin mota, kada ki ce mace da shiga daji. Takalmin da Inna ta so saya mini da tuni ya tsinke, abin da na gani kuwa yana nan. Ku kuma 'yan makaranta, ku sani wannan ilmi ne da a ke karantawa har a ci abinci da shi. Akwai kwalejin tarayya ta koyon kula da namun daji a New Bussa cikin Jihar Neja. Me zai hana wata daga Magajin Gari ta je?

Ran Laraba na koma aji huɗu. Ban zana giwa ba. Na zana tsauni, na zana rema bisa kansa, na ba su labarin nan tun daga kuɗin daddawa har mai gadi. Na ce kowa ya zana abin da ya fi so. Yarinyar bencin baya ta kawo nata daga ƙarshe. Ta zana duwatsu, ta zana rema bakwai, shida a kwance, ɗaya a sama tsaye. Ta sa yatsa a kan na saman ta ce, "Malama, shi wannan ba ya barci?" Na ce, "Su kan yi canji." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "In an buɗe, za ki kai mu?"

Na ce in Allah ya yarda zan kai su, kuma wannan karo da Dogon Ruwa za mu fara, domin ana bina bashinsa ni ma ina bi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa da gonarsa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.